Tsohon Maɗacin Bakin Katanga

Duk wanda aka turo aiki jardan ɗin nan, wato lambun shan iskan nan, tambayarsa ta farko ita ce, ina tiyo? A ganinsa aikin ke nan. Ka ja tiyo da safe, ka saki ruwa a gindin fure, in rana ta take ka nemi inuwa ka miƙe ƙafa har la'asar. Ku ma da aka kawo mini bana da wannan tunanin kuka zo, kada ku musa, na ga irin kallon da kuka yi wa bencin gindin tsamiya tun kafin ku gaishe ni. To, yau ɗaya na yarda ku zauna a kansa. Ku buɗe kunne, don ba na son maimaita magana.

Sunana Illa, mutumin Adar ne ni. Cin rani ya kawo ni Yamai ina saurayi, na sauka a Talaje wurin wani ɗan garinmu direban taksi. Shi ya ji ana neman masu ɗibar ruwa a lambun shan iska na tsakiyar gari, ya kawo ni. Wanda na tarar yana riƙe da ma'aikata shi ne Baba Sumana, Bazabarme daga Tondibiya, gajere, mai ƙaramar murya. In ya yi fushi ba ya zagi, sai dai ya karɓe kayan aikin daga hannunka ya yi da kansa kana tsaye kana kallo. Wallahi na gwammace a mare ni da wannan.

Aikina na farko ban ruwan dashe ne. Bai ba ni tiyo ba. Arozuwar biyu ya miƙo mini, butocin nan na ƙarfe masu bakin rariya, ya nuna mini layin 'yan itatuwa ya yi gaba. Ni kuwa ɗan ƙauye mai son a yaba masa, na dinga kwarara musu ruwa safe da rana da yamma. Kafin kwana goma ganye ya yi ɗorawa, rabin layin ya kwanta. Baba Sumana ya zo ya tumɓuke ɗaya ya kai saiwar hancina. Wari take yi. Ya ce, "Ka ji ko? Ba ƙishirwa ta kashe shi ba, kai ka nutsad da shi." Sannan ya kama yatsana ya cusa a ƙasa har gaɓa ta biyu. In ka ji sanyi a nan ka wuce, in ka ji bushewa ka zuba. An sha kawo mana na'urorin awon danshi daga ofis, duk sun lalace a cikin akwati, yatsan kuwa ga shi har yau yana aiki.

Tarihin wurin nan ma daga bakinsa na ji, guntu-guntu, muna wasa wuƙa ko muna cin dambu da zogale. A zamanin Nasara ba wurin hutun jama'a ba ne. Pepinyer ce, inda ake renon itatuwan da za a dasa a bakin titunan gari. Babu famfo a lokacin. Daga kogi ake ɗauko ruwa a ka, a hawo tudun nan da shi, kuma ba da son rai ake yi ba. Mahaifin Baba Sumana yana cikin waɗanda aka kamo daga Tondibiya don wannan aikin. Da yamma Nasara da matansu su shigo yawo, baƙin mutum kuwa ba ya ƙetare ƙofa sai da tulu a kansa. Da mulkinsu ya ƙare aka buɗe ƙofar ga kowa, aka zuba bencinan siminti, aka shata hanyoyi biyun nan da suka gicciye juna, aka gina kwamin tsakiya mai feshin ruwa. Na ce mai feshi, amma a iya zamana sai in za a yi babban baƙo yake tunawa da aikinsa.

Dogon yaro daga baya aka dasa shi. Mangwarorin kudu, inda jemagu ke rataye suna ɓata mana hanya da kashi, Baba Sumana ne ya yi musu aure da hannunsa, wato ya haɗa reshen wani a jikin wani. Abin da ya rage daga dashen farko shi ne maɗatai bakwai da ke jere a bakin katangar gabas. Babbansu shi ne wancan na kusurwa, wanda sai mutum uku sun haɗa hannu suke zagaye shi. Baba Sumana ya ce mahaifinsa ne ya shayar da shi tun yana kai gwiwa. Ban san yadda aka yi ya gane shi a cikin itatuwan da tsohon ya shayar ba, amma shi haka ya riƙe, ni ma haka na karɓa.

Masu zuwa wurin nan za ku san su da kanku. Akwai 'yan lakol, waɗanda in jarrabawa ta gabato za ku gan su suna kai da komo da littafi a hannu, baki na motsi, sun tattake mini ciyawa ba su ma sani ba. Akwai masu hoto da amarensu, su kullum so suke a tsinko musu fure ɗaya tak, kuma kowa ɗaya tak yake so. Akwai direbobin da ke zuwa su kwanta a benci da tsakar rana, da telolin da ke yawo da keke a kafaɗa su sauke su huta. Sai tsofaffin ma'aikatan da suka ajiye aiki, su ne suka fi kowa sanin yadda ake datsar itace, ko da yake babu wanda ya taɓa riƙe sekater a cikinsu. Ka gaishe su, ka ce to, ka ci gaba da abin da kake yi.

Kayan aiki kuwa ba su da yawa. Sekater, almakashin datsar reshe, kada in ga an yanka waya da shi. Kup-kup, addar sara, ba a shiga da ita kusa da maɗaci. Rato na tara ganye, burweti na kwashewa, kowanne a wanke shi kafin a rataye. Akwai kuma wata 'yar wuƙa mai lanƙwasasshen baki wadda ba ta zama a ɗakin kaya, a aljihun babban ma'aikaci take kwana. Aikinta na ranar Alhamis ne.

Kun san mutanenmu da maɗaci. Ciwon ciki, zazzaɓi, mai jego, har tunkiya in ta ƙi cin abinci, sai a ce a jiƙa sassaƙen maɗaci. Ban ce ku bar likita ba, ni kaina can nake zuwa a yi mini allura, amma tsohuwar da ta gaji abu daga kakarta ba ni zan raba ta da shi ba. Baba Sumana ya san ko ya hana za a ɗiba, saboda haka ya sa rana. Kowace Alhamis bayan ban ruwan safe mata su taru a bakin katanga, shi kuma ya zaro wuƙar. A tsaye yake yanka, faɗin yatsa biyu, tsawon taƙi ɗaya, a gefen da ranar yamma ba ta duka, kuma ba ya komawa kusa da wurin sai tsohon raunin ya warke. Ya koya mini dalili. Abincin itace a ƙarƙashin ɓawo yake tafiya, tsakanin ganye da saiwa. In ka yanka a tsaye, hanya ɗaya ka rage masa, sai ya bi sauran. In ka zagaye shi da sara, ka yanka shi ke nan kamar rago, sai dai shi yana ɗaukar watanni kafin a gane ya mutu.

Da ya ɓare sassaƙen sai ya cike wurin da laka, ya lulluɓe da guntun buhu. Lakar nan wata mata ce ke kawo ta, Inna Gambi, daga Kirkisoy a hayin kogi. Sayar da ganyayyakin magani take yi a kasuwa, ita ce kamar uwar sauran matan. Kowace Alhamis ta ƙetaro gada da bokiti a ka, ta dire shi a gindin babban maɗacin, ta ce, "Sumana, ga kayanka, ba mu namu." Shi kuma ya ce ta cika haɗama, ita ta ce ya cika rowa, a yi dariya a watse. Da ƙarfinsa ya ƙare ya koma Tondibiya, inda Allah ya karɓi abinsa, wuƙar ta dawo aljihuna. Inna Gambi ta ci gaba da kawo bokitinta, ni kuma na ci gaba da shafawa. Ban taɓa tambayarta abin da ke ciki ba. Laka dai ai laka ce, haka na ɗauka.

Shekarar da nake kira mugunyar shekara ta fara ne da zuwan sabon shef, wato shugabanmu, daga ofis. Yaro ne mai ilimi, ya karanci itace a makaranta, kuma ba mugu ba ne, kada ku fita ku ce na ce. Ranar da ya fara zagayawa ya tsaya a gaban maɗatan yana duban tabban da ke jikinsu.

"Baba Illa, mine ne wannan?"

Na ce, "Sassaƙe ne, Shef. Mata muke ba, ranar Alhamis."

"Ku da kanku? Ka ga maɗatan bakin titi yadda aka feɗe su har suna mutuwa? Nan ma haka kuke so ya koma?"

Na ce ai mu da ƙa'ida muke yi. Ya ce a ina aka rubuta ƙa'idar? To, ba a rubuta ta ko'ina ba. Maganarsa ta bakin titi kuma gaskiya ce, duk mai ido ya gani. Ya kamata in zaunar da shi in yi masa bayani yadda Baba Sumana ya yi mini, amma sai na ja bakina na yi shiru. Tsoro na ji. Shekaruna sun fara ja, shi sabo ne da takarda a hannu, ban so ya rubuta cewa tsohon nan ba ya jin magana. Kafin mako ya zagayo an kewaye maɗatan da waya mai ƙaya, an shafe gindinsu da farar ƙasa, an kafa allo an rubuta an hana.

Alhamis ta zo, Inna Gambi ta iso da bokitinta, mata biyar a bayanta. Ni na tare su a ƙofa. Na gaishe ta, na ce ofis ya hana, su yi haƙuri. Ba ta sauke bokitin ba. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai, yaron Sumana, kai ne ke hwaɗa mini haka?"

"Inna, ba ni ba ne, ga allo can an rubuta."

"To, madalla. Sai dai ciwo bai yi lakol ba, Illa. Bai iya karanta allonku ba."

Ta juya, sauran suka bi ta. Na tsaya ina kallon bokitin yana tafiya a kanta har suka sha kwana. Na ji kunya ƙwarai.

Daminar shekarar ta yi ruwa mai yawa, kogi ya cika ya shiga unguwanni, sauro ya yi abin da ya saba. Babu gidan da ba a kwance. Masu neman sassaƙe suka ƙaru, mu kuma mun rufe ƙofa. Sai wasu suka gano cewa ranar Juma'a da azahar jardan ba kowa, domin daga mai gadi har mu ma'aikata duk muna masallaci. Waɗannan ba matan Alhamis ba ne. Maza ne masu cika buhu su kai kasuwa. Su haura katanga, su datse waya, su sa kup-kup. Mai gudun kada a kama shi ba ya awon yatsa biyu, inda hannunsa ya kai nan yake sara, yana zagayawa. Kafin sanyi ya wuce maɗatai uku sun bushe a tsaye, aka zo da injin yanka aka kwantar da su. Itatuwan da suka ga zamanin Nasara, a yini ɗaya aka loda su a kamiyo, babbar motar kaya.

Muka gwada barin mutum ɗaya ranar Juma'a. Wa zai yarda kullum shi ne ba ya sallar jam'i? An yi mako biyu, a na uku wanda aka bari ya ce shi ma Musulmi ne.

A farkon bazara, wata Juma'a, na dawo daga masallaci na nufi kusurwa, tun daga nesa na hango fari a gindin babban. An yi masa zobe, faɗin kamu ɗaya, jan ruwansa na tsiyaya a kan farar ƙasa. Na zagaya ina shafawa. Ta bayan, inda jikinsa ya kusa haɗuwa da katanga, kup-kup bai sami wurin lilo ba. Nan ɓawo ya rage, bai fi taƙi biyu ba. Duk girman itacen nan, da wannan 'yar hanyar kaɗai ya rage.

Da shef ya zo washegari ya zagaya gindin yana duba zoben. Na ga abin ya taɓa shi. Amma sai ya ce, "Baba Illa, wannan ya mutu. In iskar damina ta kada shi, a kan bencin 'yan lakol zai faɗi. Zan kira masu inji."

A wannan karon ban yi shiru ba. Na ce, "Shef, bai mutu ba tukuna. Akwai hanya ta baya. Ka ba ni lokaci."

"Har yaushe?"

"Har ruwan farko."

Ya yi tunani, ya ce, "To. Ruwan farko. In bai yi toho ba, kada ka sake zo mini da magana." Ya sa aka janye bencin daga ƙarƙashinsa.

Abin da ake bukata na san shi. A rufe raunin kada rana ta busar da naman itacen, a bar shi da danshi, sabon ɓawo ya tsiro daga gefuna. Na kwaɓa ƙasar jardan da kashin shanu na shafe zoben duka. Kafin azahar ta tsattsage, washegari ta zube. Na tura burweti har bakin kogi na ɗebo yumɓu, shi ma kwana ɗaya ya yi ya ɓare kamar ƙanzo. Sau uku ina yi. Zafin bazarar Yamai kun san shi, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Farin jikin itacen ya fara komawa toka-toka. A nan ne na tuna cewa lakar Inna Gambi takan yi wata guda a jikin itace ba ta motsa ba, kuma ban san dalili ba.

Na hau kekena na ƙetare gada. A Kirkisoy na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan. Na same ta a tsakar gida tana shanya ganye a tabarma. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon ganyenta. Ta tambayi iyali, ta tambayi zafi, ta tambayi kowa a Talaje, har da wanda ba ta sani ba, ta bar ni a durƙushe. Sai da gwiwata ta fara ciwo ta ce, "Mi ya kawo ka?"

Na faɗa mata komai. Na ce na yi kuskure ranar da na kore ta, ta yafe mini. Da na zo kan zoben da aka yi wa babban, sai hannunta ya tsaya.

"Na Sumana? Na kusurwa?"

"Shi, Inna."

Ta yi salati. Sannan ta tambayi irin lakar da na shafa, na gaya mata. Ta yi tsaki mai tsawo.

"Shekara nawa kana shahwa lakata da hannunka, ba ka taɓa jin ƙaiƙayi a ciki ba?"

Na ji mana. Na ɗauka datti ne, har tsince shi nake yi in yar. Ban gaya mata wannan ba. Ta yi mini bayani. Baƙar laka ce ta gonakin shinkafar da ke bayan unguwarsu, a haɗa da ƙaiƙayin shinkafa da ɗanyen kashin saniya, a rufe a bar ta kwana uku ta ruɓa. Ƙaiƙayin ne ke riƙe ta kada ta tsage. Da irinta mahaifiyarta ke yaɓe rumbu, kuma ita Inna Gambi ce ta nuna wa Baba Sumana tun yana fama da abin da nake fama da shi. Na ce ta taimaka ta nuna mini gonar in ɗiba.

Ta ce, "A'a. Kai ɓata ta za ka yi. Tahi ka jiƙa buhu ka ruhe iccen, kada ka bari ya bushe ko sau ɗaya. Nan da kwana ukku ka buɗe mini ƙohwa."

Kwana ukun nan a gindin itacen na yi su, da arozuwar a hannu, domin a bazara famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa. A rana ta huɗu da hantsi sai ga su, mata bakwai, kowace da bokiti a ka. Mai gadi ya dube ni, ya dubi allon. Na ce ya buɗe, in an tambaya ni ne. Ba su bar ni na taɓa lakar ba. Aikina miƙo buhu da ɗaure igiya. Suka shafe zoben kaf, da kauri, Inna Gambi na bi da tafin hannu tana lallashe gefuna inda sabon ɓawo zai fito. Da suka gama ta tambaye ni yaushe ɓarayin ke shigowa. Na ce Juma'a da azahar, in mun tafi masallaci.

Ta ce, "Shi ke nan? Ku tahi masallacinku. Mu da ma ba mu zuwa."

Wata shida muna neman dabarar da ta fi ƙarfinmu, mu maza da shef ɗinmu mai takardu, ashe ga ta. Daga wannan Juma'ar suka riƙa zuwa su shimfiɗa tabarmi a gindin maɗatai huɗun da suka rage, suna tsinkar zogale suna hira, suna jiƙa buhu. An ce wani ya diro daga katanga da kup-kup da buhunsa, ya ɗaga kai ya ga tsofaffi bakwai sun zuba masa ido, ɗaya ma ta san uwarsa. Ta inda ya shigo ta nan ya koma, ya bar takalmi ɗaya. Ba a sake sarar mana itace ba.

Shef ya same su wata safiya suna sabunta lakar. Ya dubi allonsa, ya dubi matan, ya kira ni gefe.

"Baba Illa, wa ya ba su izini?"

"Ni ne, Shef."

Na yi masa bayanin da ya kamata in yi tun ranar farko, yadda ake yanka a tsaye, da abin da ya sa aka sa rana, da abin da ya faru bayan mun rufe ƙofa. Bai katse ni ba. Inna Gambi kuwa daga inda take ta ɗaga murya ta ce, "Ɗana, zo ka riƙe mini igiyag ga, hannunka ya hi nashi ƙarhi." Ya tsaya jim, sannan ya je ya riƙe. Da aka ɗaure ya ɗebi lakar ya murza, ya sunsuna, ya tambaye ta abin da ke ciki, ya rubuta a ɗan littafinsa. Da zai tafi ya ce mini, "Wa'adi yana nan fa." Na ce na sani.

Sauran bazarar ta yi mini tsawo. Ganyen babban ya dinga zuba, kullum ina cika burweti da shi, har sama ta koma rassa tsirara. Tsofaffin ma'aikatan benci suka yanke hukunci cewa ya mutu tun tuni, wahalar banza muke yi. Ni kaina akwai ranakun da na yarda da su, amma ban daina jiƙa buhun ba, domin in na daina Inna Gambi za ta gani. Ruwa kuma ya yi jinkiri a shekarar. Kowa a gari yana roƙon ya sauka, ni kaɗai nake roƙon a ƙara mini mako guda, Allah ya yafe mini.

Ruwan ya sauka wata Talata da la'asar, da iska mai ƙarfi. Washegari da sassafe na je na ɗaga kai na duba har wuyana ya gaji, ban ga komai ba. Da hantsi shef ya iso da masu inji su biyu, matan ma sun ji labari sun zo. Babban mai injin yana ta zagaya gindin yana lissafin katakon da zai fita. Shef ya ce a kawo tsani. Na ɗauka ɗaya daga cikinmu zai ce ya hau, sai na ga ya cire takalmin ofis ya hau da kansa, ta ɓangaren katanga. Ya ɓace a cikin rassa. Da ya sauko rigarsa duk ta yi baƙi da jiƙaƙƙen ɓawo.

Ya ce, "Reshen da ke bisa katanga ya yi toho. Jajaye, ƙanana, ba a ganinsu daga ƙasa. Na ƙirga har na bari."

Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa, mai injin ya ɓata rai. Ni zama na yi a ƙasa, a cikin taɓo. Rassa biyu da suka bushe ta gefen benci su kaɗai aka sare.

Bayan haka shef ya cire allon, ya zauna da ni da Inna Gambi ya rubuta ƙa'idar a takarda, ya buga mata hatimi. Ya ƙara abu ɗaya da ni ban taɓa tunaninsa ba. Ya ce a riƙa tsintar 'ya'yan maɗaci ana reno, duk matar da ta karɓi sassaƙe a ba ta dashe ɗaya ta kai gida. Layin nan da za ku fara ban ruwa gobe, su ne. Yanzu in kun shiga Kirkisoy ko Talaje za ku ga maɗatai a ƙofar gidaje sun wuce tsayin ɗaki, daga nan suka fita. Babban kuwa ba a sake sa masa wuƙa ba. Kowace shekara ɓawon sama yana gangarowa, na ƙasa yana hawowa, a hankali.

Bara Inna Gambi ta zo. Ta daina ƙetare gada da ƙafa, idonta ma ya tafi, jikarta ce ke kawo lakar yanzu, ita ta ɗauko ta a taksi. Tsohuwar ta ce a kai ta kusurwa. Na kwance buhun, na ɓare tsohuwar lakar, ta ɗora hannu biyu a jikin itacen ta fara zagayawa, ina riƙe da gwiwar hannunta.

"Nan ya haɗe," in ji ta. Ta matsa. "Nan ma. Kai, nan ko tabo babu."

Da ta iso gefen yamma, inda rana ta fi duka, yatsunta uku suka shige cikin raunin. Ta tsaya. Ta daɗe a haka tana shafa leɓen sabon ɓawon, sama da ƙasa.

Ta ce, "Ni ba ni ganin ranad da zai ruhe. Kai ma, Illa, ban tabbata ba. Amma zai ruhe."

Sannan ta miƙa hannu ta ce a matso mata da bokitin, da kanta ta cike wurin.